GARGAƊI GA DIREBOBI DA MAKANIKAN ƘASAR ZURU: KADA MOTA TA HAU HANYA DA SHAF ƊIN DA BAI ZAUNA BA



Wannan gargaɗi ne na gaggawa zuwa ga direbobin haya da masu motocin gida, da makanikai da yaransu, da masu sayar da kayan gyara, da shugabannin tashoshin mota, tun daga Zuru da Dabai har Mahuta, Ribah, Wasagu, Bena, Maga da Dirin Daji.

Damina ta ja baya, kaka ta shigo. Motocin da suka kwashe watanni suna ratsa ruwa da taɓo yanzu su ne za a danƙara wa buhunan masara da dawa zuwa kasuwanni, ga kuma zirga-zirgar ƙarshen shekara tana tafe. A irin wannan lokaci ne gareji ke cika da motocin da shaf ɗinsu ke kuka, kowa na gaggawar a sauya masa ya koma lodi. To, a saurara da kyau: duk motar da aka taɓa wa shaf, kada ta ɗauki fasinja ko kaya ta bar gari sai an tabbatar shaf ɗin nata ne, kuma ya zauna daram. Tsohon shaf yakan yi ta kuka kafin ya mutu, mai mota ya samu damar shiri. Sabon da aka ɗaura bai zauna ba kuwa ba ya sallama, zarewa kawai yake yi ana tsakiyar tafiya.

ME YA SA ABIN YA FI TSANANI A WAJENMU?

Mota ta mace a cikin gari, asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. Ta mace a dajin da ke tsakanin Ribah da Bena, ko tsakanin Maga da Daki Takwas, ko a hanyar Rijau zuwa Kontagora bayan la'asar, magana ta koma ta rai. Kowa ya san halin tsaro da yankin nan ya shiga a 'yan shekarun nan, kuma ba direban da ke fatan a tarar da shi a ƙarƙashin mota da fasinjoji tsaye a gefen hanya. Ƙari a kan haka, ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, mai hawa da gangara da kwanoni, ga ramukan da ruwa ya bari. Waɗannan su ne ke jan shaf suna tura shi, har su fallasa aikin da aka yi rabi da rabi.

A FAHIMCI AIKIN SHAF

Manyan makanikanmu da yawa a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗawa. Ita da tayoyin baya take ja, na gaba juya sitiyari ne aikinsu. Motocin da suka cika tashoshinmu yau, irin su Golf da Sharan da Corolla da Camry da Honda da Peugeot 406, da tayoyin gaba suke ja. Kenan ƙarfe biyu ne kacal, wato shaf, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa ƙasa, kuma dole su ci gaba da juyawa ko taya ta karkata a kwana, ko ta faɗa rami.

Kowane shaf kai biyu gare shi. Kan waje, wanda ke shiga cikin hob, yawanci ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikinsa. Wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan tsari tun cikin shekarun 1920, kuma yana daɗewa matuƙar giris bai fita ba, ƙasa ba ta shiga ba. Kan ciki, wanda ke manne da giyabos, shi ke shiga yana fita kaɗan-kaɗan yayin da mota ke tsalle. A cikin giyabos kuma akwai haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu. Da zarar shaf ɗaya ya zare ko ya karye, ƙarfin gaba ɗaya sai ya tsere ta ɓangaren da ba nauyi. Inji na ihu, mota na tsaye. Ɗaya shaf ɗin mai lafiya ba zai iya fitar da kai ba.

INDA AKE YIN ƁARNAR

Na farko, wajen saye. Kalmar “ai duk ɗaya ne” ta kashe giyabos ba adadi. Na hagu daban yake da na dama. A motoci da yawa na otomatik daban yake da na manuwal, kuma mota iri ɗaya wadda aka ƙera don Amurka tana iya bambanta da wadda aka ƙera don Turai. Haƙoran kan shaf ma ba ɗaya ba ne: akwai mai 26, akwai mai 28, akwai wasu. Galibin kayan gyaranmu daga nesa ake aiko su, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nkpor kusa da Anacha. Idan kaya ya iso bai dace ba, mayar da shi kwanaki ne, sai a ce “bari mu lallaɓa shi.” Lallaɓawar nan ita ce a goge haƙora da injin gurza ƙarfe, ko a yanke shaf a haɗa da walda, ko a dunƙule shi da guduma. Shaf ɗin da ya gaza tsawo zai zare a rami. Wanda ya wuce tsawo zai riƙa dukan cikin giyabos. Wanda aka yi wa walda kuwa wurin waldar zai tsinke ranar da lodi ya yi nauyi.

Na biyu, kilif. A motoci irin su Toyota da Honda, akwai wani ɗan zoben ƙarfe a bakin shaf na ciki. Shi kaɗai ke riƙe shaf a cikin giyabos. Idan ya shiga gurbinsa, ana jin sa ya yi ƙas. Shaf yana iya shiga kusan duka, a ɗaura taya, mota ta tashi ta yi yawo cikin gari lafiya lau, alhali kilif bai kama ba. Sai an shiga kwana mai tsanani ko an daki rami sannan asiri ya tonu. A yawancin Golf kuwa notuna shida ne ke ɗaure kan ciki, kuma in aka bar su sako-sako sukan kwance ɗaya bayan ɗaya. A Peugeot 406, shaf ɗin dama yana da boris a tsakiya wanda dole ya koma mazauninsa a ƙulle shi.

Na uku, babban notin taya. Wannan noti shi ke matse boris ɗin taya wuri ɗaya, kuma kowace mota da awon ɗaurinta. A Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008, awon niyuton-mita 216 ne, wato ya ninka na notunan taya sau biyu da ɗoriya, domin su 103 ne. Ɗaurin da aka saba gani, a zura fayif a sifana yaro ya hau yana tsalle, ba awo ba ne. In ya gaza, taya za ta riƙa wasa. In ya zarce, boris ya tafi. Bayan ɗauri kuma dole a danne bakin notin cikin tsagin shaf, ko a sa masa fil idan mai fil ne. Notin da aka riga aka danne aka buɗe, a sa sabo.

Na huɗu, roba da giris. Robar shaf da ta yage ba a ɗaure ta da leda ko tsumma ko yankin tsohon tiyub. Madaurinta na ƙarfe ne, ba waya ba. Giris ɗin kan shaf na waje baƙi ne na musamman, ba kowane giris da ke gwangwanin gareji ba. Idan yashi ya riga ya shiga, ƙara giris ba ya warkar da komai, rufe bakin kukan kawai yake yi na ɗan lokaci. Masu sayen shaf ɗan Beljiyam su lura da wannan musamman, domin wanda aka cika da giris yakan yi shiru a hannu.

Na biyar, abin da aka kwance a hanya. Kafin shaf ya fita, sai an saki boljoyin ko ƙafar shokozoba, wani lokaci har da tayarod. Idan aka manta fil ɗin boljoyin, taya na iya naɗewa ana cikin gudu, ta fizgo shaf ɗin gaba ɗaya. Haka kuma man giya kan zube yayin cire shaf, bakin shaf kuma kan yaga oyil sil wajen shiga. Mota ta bar gareji da giyabos mai ƙarancin mai, an sayi shaf an sayar da giya.

KAFIN KA KARƁI MAKULLI

Malam direba, haƙƙinka ne ka tsaya a kan motarka. Kada kunyar oga ta hana ka neman waɗannan:

1. A shimfiɗa tsohon shaf da sabo a ƙasa gefe da gefe. A gwada tsawo, a ƙirga haƙoran ciki da na waje. Idan motar mai ABS ce, a duba zoben da ke kan shaf, haƙoransa su zo daidai da na tsohon.

2. Idan aika za a yi Kano ko Legas, a tura lambar shasi da hoton tsohon shaf, a faɗi hagu ne ko dama, otomatik ko manuwal.

3. Shaf ya shiga hob da hannu. In ya ƙi, a wanke tsatsa a sake gwadawa. In har yanzu ya ƙi, ba nata ba ne. Kada a daki zaren noti da guduma.

4. Bayan an tura shi giyabos, a kama ƙoƙon kan ciki a ja da ƙarfi a gabanka. In ya biyo hannu, kilif bai kama ba. Kada a ja ta tsakiyar sandar, domin kan ciki na iya wargajewa a cikin roba.

5. A ɗaure babban noti da sifana mai awo, a kulle shi. Kada a gangara mota ko taku ɗaya babu wannan noti.

6. A duba man giya a cike shi da irin wanda motar ke sha.

7. A gwada motar a fili babu fasinja: a murɗa sitiyari ƙarshe hagu, ƙarshe dama, a yi gaba a yi baya, a taka ta a hawa. A dawo a leƙa ƙasa, a duba ɗigon mai da mazaunin shaf. Washegari a sake dubawa.

ALAMOMIN DA BA A TAFIYA DA SU

Ƙas-ƙas-ƙas a kwana, kan waje ne ya cinye. Karkarwa idan an taka totur wadda ke lafawa in an ɗaga ƙafa, a binciki kan ciki. Ƙara mai nauyi wajen sa giya ko tashi, giris da ya fantsama a cikin rim, fitilar ABS da ta kama bayan gyara, ɗigon mai a inda mota ta kwana: kowace ɗaya daga cikinsu ta isa a sauke lodi a koma gareji.

IDAN YA ZARE A HANYA

Ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kada ka kashe inji sai mota ta tsaya, domin da shi birki da sitiyari ke samun sauƙi. Ka sani a gangara giya ba za ta riƙe maka mota ba, birki kaɗai ya rage. In ka tsaya, ja birkin hannu ka sa dutse a taya, domin barin ta a giya ko a harafin P ba zai hana ta gangarawa ba. Kunna fitilun haɗari, fitar da fasinjoji daga kan titi, ka sa su a motar farko da ta samu wuri, kada a riƙe su saboda kuɗin mota. Kada a ja motar da guntun shaf yana reto, zai iya tsinka fayif ɗin birki. In za a cire shi, a bar kan waje a cikin hob da notinsa don boris ya zauna. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122.

KIRA NA ƘARSHE

Iyayenmu makanikai, sifana mai awo ɗaya ta ishi gareji guda, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su saya. Aikin shaf ba na barin yaro shi kaɗai ba ne. In yaro ya ɗaura, oga ya ja da hannunsa kafin a sauke jak. Wanda kuma aka matsa masa ya lallaɓa abin da bai dace ba, ya ce a'a, rasa kuɗin aikin yini ya fi ɗaukar alhakin rai. Masu sayar da kaya, ku karɓi abin da bai dace ba ku sauya, kada ku ce an riga an fita da shi. Shugabannin tasha, motar da ta fito daga gyaran shaf kada a ba ta layin doguwar hanya a ranar, balle lodin yamma. Fasinja, in ka ji mota na ƙas-ƙas tun daga fitowa tasha, ka yi magana, in aka ƙi ji ka sauka.

Duk wanda wannan saƙo ya iske, ya karanta wa direban gidansu da makanikin unguwarsu. A yau ɗin nan, kowane mai mota ya murɗa sitiyari ƙarshe, ya durƙusa ya duba robar shaf ɗinsa hagu da dama kafin ya yi lodi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.