Magatama: Dutsen Adon Da Japan Ta Manta Asalinsa

A ranar 1 ga Mayu, 2019, lokacin da Sarki Naruhito ya hau gadon sarautar Japan, cikin kayan sarautar da aka gabatar masa a rufe har da magatama, dutsen ado mai lanƙwasa kamar jinjirin wata.

Tun zamanin Jomon, shekaru dubbai da suka shuɗe, mutanen Itoigawa da ke gaɓar teku a jihar Niigata suke tsintar wani koren dutse mai tauri da ake kira hisui, suna goge shi, suna huda shi. Masana na ganin da gora da yashi suke yin hujin. Masu haƙar kayan tarihi sun gano wuraren aikinsu a Chojagahara, sun kuma tono irin duwatsun a Sannai-Maruyama, ɗaruruwan kilomita a arewa, shaidar cewa fataucinsu ya yi nisa.

Wajen ƙarni na 8 sana'ar ta mutu, har daga baya masana suka ɗauka daga ƙetare aka shigo da dutsen. Sai a 1938 aka sake gano shi a kogin Kotaki, kuma a 2016 masana ma'adinai suka zaɓe shi a matsayin dutsen ƙasa. Fiye da shekara dubu yana kwance a kogin, ba wanda ya san darajarsa.