Dogon Hutu da Ɗalibin Digiri na Uku

Sau da yawa ɗalibin digiri na uku yakan ɗora burin fita tattara bayanai a kan dogon hutu, ya manta cewa hutun kan faɗo da damina. A lokacin nan makaɗa da dattawan da zai gana da su suna gona, hanyoyin ƙauye kuma sun yi caɓi. Gara ya ɗaga fitar zuwa kaka, ya zauna ya mayar da hirarrakin da ya ɗauka da rani a rubuce, domin hirar awa guda takan cinye yini. Sauran makonnin kuwa ya yi su a Kaduna, a Gidan Arewa da aka kafa a 1970, ko Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda rahotannin Razdan da Di'o suke ajiye.