Zazzaɓin da ba na cizon sauro ba

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, babu wanda bai san tramol ba. Ƴan kabu-kabu da masu aikin albasa suna haɗiyarsa don kashe gajiya. Asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani, an soma sayar da shi a Jamus a 1977. Likita ba ya yarda mutum ya wuce miligiram 400 a yini, amma a kasuwa ana samun ƙwaya guda mai 225.

Wanda ya saba, wata rana ƙwaya ba ta isarsa. Wasu sai su koma yi wa kansu allura. Binciken da aka yi a Najeriya maƙwabciyarmu a 2018 ya ƙiyasta masu yin haka sun kai mutum 80,000.

Nan hatsarin yake. Allura mai datti tana tura ƙwayar cuta cikin jini. Jini ya kai ta zuciya, ta manne a ƙohohin da ke buɗewa da ruhewa, ta yi ta cin su. Sai zazzaɓi ya ƙi sauka, ga zuha da dare, ga haki, ga rama, ƙahwahu su kumbura. Iyali su ce cizon sauro ne, a yi ta sayen magani a tebur, kwanaki suna wucewa.

Wannan ciwo yana da magani, amma sai an kwanta. Ana ba da shi ta jijiya, sati 4 zuwa 6. Asibitin Galmi da na Ƙonni suna kusa, kuma likita na iya tura mutum Tawa ko Yamai a duba hoton zuciyarsa.

Jinyar tana da wuya. Majinyacin da ya rasa ƙwaya yakan yi hamma, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, ya ce sai gida. Wanda ya tahi bayan sati 2 don ya ji sauƙi, cutar tana nan, kuma tana kisa.

Saboda haka, jama'a, a gaya wa likita gaskiya. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa. Mai jinya ya bar gori da zagi, ya zauna kusa har a gama allurai. Bayan sallama ma kada a bar shi shi kaɗai da tsohin abokai. Ɗanmu ne, kuma gona tana jiransa.