Jin Sauƙi Dabam, Warkewa Dabam

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa magana bisa wani ciwon zuciya, wanda ɗakunanta biyu na sama kan bar bugu sosai, sai makyarkyata. Haɗarinsa shi ne jini kan kwanta a ciki ya yi guda, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

A 1998 wani likita na birnin Bodo a Faransa, Mishal Haisagar, ya nuna yawanci fitinar daga jijiyoyin nan huɗu masu kawo jini daga huhu take tasowa. Saboda haka akan zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙone kewayen bakinsu da zafi ko da sanyi, tabon ya zama shinge.

To, masu hali na ƙasarmu kan tafi Indiya ko Masar don aikin zuciya. Su komo, a yi ta barka, a ce an warke. Ina shaida? Jin daɗin jiki ba shaida ba ne, gama ciwon nan yakan komo a ɓoye, mai shi na gonar rake ko kasuwar tumatir bai san kome ba. Haka kuma in zuciya ta rikice cikin wata biyu ko uku na fari, likitoci ba su cewa aiki ya ɓaci, don ƙunar ba ta gama warkewa ba. Bayan wannan wa'adi ake lissafi, kuma ƙa'idarsu tana da tsanani: rikici na fiye da daƙiƙa 30, in na'ura ta kama shi, an ce ciwo ya komo.

Awon da akan yi a asibiti, watau na'ura ta zana bugun zuciya a takarda, na 'yan daƙiƙoƙi ne. Kamar baƙo ne ya leƙa kasuwa ran da ba ta ci, ya ce garin ba ciniki. Don haka akan rataya wa mutum ƙaramar na'ura mai suna Holta, ya wuni ya kwana da ita, wani lokaci har kwana 7. Akwai ma wadda akan dasa ƙarƙashin fata, ta shekara kamar 3 tana tsaro.

Mutumin Danja ko Funtua ko Malumfashi ba sai ya sake ƙetare teku ba. Ya ɗauki takardunsa ya kai wa likitan zuciya a Shika ta Zariya, ko asibitin Malam Aminu Kano. A gida kuwa ya riƙa ɗora yatsu biyu a wuyan hannu minti guda. In bugun na tuntuɓe, ya rubuta ranar. Maganin tsinka jini dai, lalle ne a sha aƙalla wata biyu bayan aiki. Daga nan likita ne zai duba shekarun mutum, da hawan jini, da ciwon sukari, kana ya ce a bari ko a ci gaba, ko da zuciya ta daidaita.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Danja.