Jinyar Dokin Da Agararsa Ta Kumbura

Ya kai mai doki na Ƙofar Guga, ka san Katsina garin dawaki ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a garin nan, ɗansa Usman Nagogo kuwa ya yi suna a kansa. To, sukuwa da juyi na gaggawa su ke ɓata agarar ƙafar gaba.

In dokinka ya komo daga fili yana ɗingishi, sai ka shafa bayan ƙwaurinsa. In ka ji zafi da kumburi, zaren agarar ne ya tsintsinke daga ciki. Kada ka yi masa lalas. Wuta fata kaɗai take ƙonawa, ba ta ɗinke agara. Ka riƙa kwarara ruwan sanyi a wurin, minti 20, sau 3 a yini, ka bar shi a barga, ka kira likitan dabbobi. Irin likitocin nan ana koyar da su a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma na'urar da ke nuna musu ɓarnar daga ciki.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure: ɗingishi yakan tafi cikin 'yan makonni, amma agara takan ci wata 9 ko shekara kafin ta yi ƙwari. Ka fara jan sa da hannu, minti 10 kullum, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Sassarfa sai likita ya yarda. Ko Sallah ta zo, ka ari wani dokin.