Safar Hannun Mai Tsaron Gida

A wasan ƙwallon ƙafa, mai tsaron gida ne kaɗai aka yardar wa ya kama ƙwallo da hannu. A zamanin dā, yawancinsu da tsurar hannu suke kamu. Sai wajen 1970 safar hannu ta fara yaɗuwa a duniya.

Amfanin safar nan a tafinta yake. Ana yin tafin da wata irin roba mai laushi, wadda ke riƙe ƙwallo kada ya suɓuce. To, amma robar nan ba ta jure wahala. Filayen wasa irin na Maiyama kuwa ƙasarsu da tauri, ga tsakuwa, da rani kuma ba ciyawa. Saboda haka yaron da ya je sayen safa, a Jega ko Birnin Kebbi, gara ya zaɓi mai kaurin tafi, ko da ba ta kai mai laushi riƙo ba. Ya sa ta ya gwada, ya ga akwai ɗan sarari a kan yatsu, gama matsattsiya da wuri take yagewa.

Kafin wasa ya yayyafa wa tafin ruwa kaɗan. In ya faɗi, ya dunƙule hannu ya dafa ƙasa ya tashi, don kada tsakuwa ta cinye tafin. Bayan wasa ya wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, ya matse a hankali, ban da murɗawa. Sa'an nan ya shanya ta a inuwa. Rana takan ƙeƙasar da roba, balle da hunturu, har ta tsattsage kamar faso.