Amfanin Daɗewar Yaro A Cikin Ƙungiyar Samari

 

Maganarmu ta wannan mako ta shafi iyayen yara ne, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Kwaciri da sauran unguwannin Fagge da Sabon Gari, waɗanda hidimar neman abinci takan raba su da gida tun daga hantsi har bayan magariba.

Sanin kowa ne yaro ɗan shekara 13 zuwa 19 ba ya zama shi kaɗai. Lalle ne ya nemi tsara, lalle ne kuma ya sami wanda zai bi. Idan bai sami jagora nagari ba, to, zai samu a daba ko a wurin 'yan bangar siyasa. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya auku a 'Yan Awaki cikin Disamba 1980 ba, sa'ad da fitinar Maitatsine ta ci rayuka fiye da 4,000, alhali da yawa daga cikin mabiyansa samari ne da suka shigo birni ba su da mai kula da su.

Magabatanmu sun hangi wannan buƙata tun da wuri. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, watau MSS, a Legas cikin 1954. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962. A nan Kano, Shehu Mudi Salga ya assasa Fityanul Islam cikin 1963, kuma ma'anar sunan ita ce samarin Musulunci. Ita kuwa Izala an kafa ta a Jos cikin 1978. Jama'atu da Fityanu da Izala kowacce tana da rundunar 'yan agaji, waɗanda muke gani cikin kakinsu suna daidaita sahu a masallatan Juma'a da filayen Idi, suna tsare hanya a wuraren tafsiri, suna taimakon tsofaffi a sansanin alhazai.

To, abin da ya kamata iyaye su fahimta shi ne, amfanin ƙungiya yana tattare da daɗewa a cikinta. Yaron da ya yi wata uku ya fita, kaki kawai ya sa. A shekarar farko abin da yakan koya shi ne biyayya da kiyaye lokaci, da tsabtar jiki da ta tufa, da tsayuwa inda aka tsayar da shi ko da rana tana dukansa. A shekara ta biyu ko ta uku sai a fara ba shi amana: ya riƙe littafin sunaye, ya tattara kuɗin mako ya kawo lissafi, ya iya ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya suma. Sai ya kai shekara huɗu ko biyar sannan a danƙa masa ƙananan yara, ya tsara musu aiki, ya raba su idan sun yi faɗa, ya tsaya gaban manya ya amsa laifin da na ƙasa da shi suka yi. A nan ne ake koyon shugabanci, domin wanda bai taɓa bin umarni ba, ba zai iya ba da shi bisa adalci ba.

Wannan tsari yana da asali a tarihinmu. Zaidu ɗan Sabit yana da kimanin shekara 11 lokacin da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina. Aka sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya zama marubucin wahayi, sannan bayan shekaru Sayyidina Abubakar ya ɗora masa nauyin tattara Alƙur'ani. Usamatu ɗan Zaidu kuwa ya tashi a gidan Annabi, kuma a shekara ta 11 bayan Hijira aka naɗa shi shugaban rundunar da ke ɗauke da manyan sahabbai, alhali shi matashi ne ƙwarai. Dukansu biyu an rene su ne sannu a hankali, daga ƙaramar amana zuwa babba.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai shago a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, kada ka ga yammacin da yaronka ya tafi atisaye ka ɗauka asara ce. Yaron da ya saba kawo lissafin kuɗin ƙungiya ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba, shi ne wanda za ka bar wa shago ka tafi aikin Hajji hankalinka kwance. Kai kuma ma'aikaci, da kake cire ɗanka da zarar jarrabawa ta matso, ka tuna cewa takardar shaida tana iya samar masa kujera, amma iya zama da mutane da iya magana a taro su ne za su riƙe shi a kanta. Ana iya rage masa zuwa lokacin jarrabawa ba tare da an raba shi da ƙungiyar ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Uba ya san malamin da ke kula da ƙungiyar, ya san inda ake taro da lokacin tashi. Ya tabbata ba ta hana salla a kan lokaci ko karatun Islamiyya. Ya lura ko ana koya wa yara zagin wasu Musulmi saboda bambancin fahimta, ko raina maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, domin Fagge da Sabon Gari wuri ne na cuɗanya, kuma rikicin Oktoba 1991 ya nuna mana abin da rashin haƙuri ke jawowa. Ƙungiyar da ta zama hayar 'yan siyasa kuwa, a janye yaro daga cikinta nan take.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyoyi da su riƙa sakar wa samari muƙamai, kada dattijo ya shekara ashirin a kan kujerar da ta dace da ɗan shekara 18. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.